Yadda Ake Bin Sawun Kuɗin da Kamfanonin Amurka ke Ba Ƴan Takara

Da zarar zaɓen Amurka ya gabato, a gidajen rediyon Yamai da wuraren shan shayi sai ka ji ana cewa kamfani kaza ya zuba wa ɗan takara kaza miliyoyin daloli. Galibin masu faɗar haka sun haɗa kuɗi iri uku ko huɗu ne a tukunya guda. Abin daɗin shi ne takardun a buɗe suke, kyauta, kuma ɗan jarida ko ɗalibin jami'a da ke zaune a Yamai ko Tawa yana iya karanta su daidai da wanda ke Washinton. Akwai ma dalilin da ya shafe mu. Ƴan majalisar da ke karɓar wannan kuɗi su ne ke zaune a kwamitocin da ke duba tallafin ƙasashen waje, da cinikin makamai, da tsarin kasuwanci na AGOA wanda aka cire Nijar daga cikinsa a farkon 2024.

Kafin a buɗe kwamfuta, sai an fahimci abu guda. Tun 1907, dokar da ake kira ta Tillman ta hana kamfani ɗibar kuɗi daga baitulmalinsa ya ba ɗan takarar shugaban ƙasa ko na majalisar tarayya. Wannan hani yana nan har yau. Abin da doka ta yarda shi ne kamfani ya buɗe wani asusu na dabam, wanda ake kira PAC, ya roƙi manyan ma'aikatansa da masu hannun jari da iyalansu su zuba daga aljihunsu. Kamfanin yana iya biyan kuɗin tafiyar da asusun: albashin mai riƙe da littafi, lauya, ofis, takardun roƙo. Amma kuɗin da zai isa hannun ɗan takara dole ya fito daga mutane. Hukumar zaɓe ta tarayya, FEC, wadda ta fara aiki a 1975, ta tabbatar da wannan tsari a wannan shekarar cikin shawarar da ta ba kamfanin mai na Sun Oil, daga nan ne kamfanoni suka yi ta buɗe nasu. Wanda ya saba karanta jaridun Faransa ya kiyaye, kada ya ɗauko tsarin can ya ɗora a nan: Faransa ta haramta wa kamfanoni ba jam'iyyu da ƴan takara kuɗi tun 1995, kuma ba ta da wani abu mai kama da PAC.

Iyakokin da za ka haddace

Mutum guda ba ya ba PAC fiye da dalar Amurka 5,000 a shekara. Shi kuma asusun, idan ya cika sharuɗɗa uku, wato ya yi wata shida da rajista, ya karɓi kuɗi daga mutum sama da 50, ya kuma ba ƴan takarar tarayya aƙalla biyar, yana iya ba ɗan takara 5,000 a kowane zaɓe. Zaɓen fidda gwani zaɓe ne, babban zaɓe ma zaɓe ne, don haka jimilla 10,000 ke nan. Idan an je zagaye na biyu, wani 5,000 ɗin ya halatta. Uwar jam'iyya ta ƙasa kuma 15,000 a shekara a babban asusunta, wani PAC ɗin dabam 5,000 a shekara. Ba a ɗaga waɗannan adadi saboda tsadar rayuwa, saɓanin iyakar mutum ɗaya zuwa ga ɗan takara, wadda ake gyarawa duk shekara biyu: 3,300 ce a zaɓen 2024, ta koma 3,500 a zangon 2025 zuwa 2026. Asusun da bai cika sharuɗɗan nan uku ba, wannan ƙaramar iyakar ce ke kansa.

Amfanin haddace su shi ne su zama ma'auninka. Duk lokacin da lissafinka ya nuna PAC guda ya ba ɗan Majalisar Wakilai guda 40,000 a zango ɗaya, ba badaƙala ka gano ba, kuskure ka yi a wani wuri.

Nemo asusun

Shiga fec.gov, sashen bayanan kuɗin kamfen, ka rubuta sunan kamfanin. Doka ta wajabta cikakken sunan kamfani ya fito a sunan asusunsa, shi ya sa neman ba ya wuya, ko da jaridu na kiransa da laƙabi, kamar NetPAC na Google. Kowane asusu yana da lamba mai farawa da harafin C sai alƙaluma takwas. Rubuta ta a littafinka, don da ita za ka yi aiki daga nan. Suna yana sauyawa idan an sayar da kamfani ko an haɗe shi da wani, lambar kuwa tana biye da asusun. Ƴan takara ma suna da tasu: H ga Majalisar Wakilai, S ga Majalisar Dattawa, P ga shugaban ƙasa.

Buɗe takardar rajistar asusun, wadda sunanta Form 1. A ciki za ka ga sunan ma'aji, da kamfanin da ke ɗauke da asusun, da bankinsa, da sauran asusun da suke da alaƙa da shi. Wannan na ƙarshe yana da muhimmanci, domin uwar kamfani da rassanta, ko da kowanne na da PAC nasa, iyaka guda suke rabawa. Idan ka nema ba ka samu komai ba, ba lallai rezo ne ya yi maka cikas ba. Apple da IBM, alal misali, ba su da PAC ko kaɗan.

Karanta rahoton

Rahoton kuɗi na PAC sunansa Form 3X. Manyan asusu galibi wata-wata suke kai shi, ranar 20 ga wata, game da watan da ya wuce. Wasu kuma sau huɗu a shekarar zaɓe, 15 ga Afrilu, 15 ga Yuli, 15 ga Oktoba da 31 ga Janairu, sai sau biyu kacal a shekarar da babu zaɓe. Akwai ƙarin rahoto kwana 12 kafin babban zaɓe da wani kwana 30 bayansa. Ma'anar wannan a aikace: cek ɗin da aka rubuta a watan Fabrairun shekarar da babu zaɓe yana iya kai ƙarshen Yuli bai bayyana ba. Kada ka rubuta cewa kamfani ya daina bayarwa sai ka duba ranar da rahotonsa na ƙarshe ya tsaya.

Sashen shigar kuɗi shi ne Schedule A. Duk wanda ya ba da sama da 200 a shekara, za ka ga sunansa, garinsu, aikinsa da inda yake aiki. A nan ido ke saurin sabawa da wasu adadi. Idan ka ga 192.30 tana maimaita kanta duk mako biyu a gaban suna guda, wannan babba ne a kamfanin, ya raba 5,000 ɗinsa gida 26 ana cirewa daga albashi. Mai 208.33 sau biyu a wata ake biyansa, mai 416.66 sau ɗaya. Shi kuwa mai ba da 7 duk mako biyu, kuɗinsa 182 ne a shekara, sunansa ba zai fito ba, yana cikin dunƙulalliyar jimillar da ke shafin farko. Ƙirga masu 192.30 ɗin nan yana gaya maka wane ne ainihin mai asusun. Doka ta ce bayarwa ganin dama ce, ba a tilasta wa kowa, ba a kuma mayar wa mutum kuɗinsa ta hanyar ƙarin albashi ko kyauta. Sai dai idan shugaban kamfani ne ya sa hannu a takardar roƙo, kowa ya san nauyin da ke tattare da ita. Wasu kamfanonin ma suna ƙara zaƙi: duk abin da ma'aikaci ya zuba a PAC, su ba ƙungiyar agajin da ya zaɓa kwatankwacinsa, kuma FEC ta yarda da haka.

Sunayen nan ba na yaɗawa ba ne. An haramta amfani da su don kasuwanci ko neman gudummawa, har an ba kowane asusu damar cusa sunayen bogi har goma a rahoto don kama masu yin haka. Ɗan jarida na iya ambaton shugaban kamfani, amma adireshin gidan wani ƙaramin manaja ba labari ba ne.

Sashen fitar kuɗi shi ne Schedule B, kuma layi na 23 ne naka: gudummawa ga ƴan takarar tarayya da sauran asusun siyasa. Kowane layi na ɗauke da sunan mai karɓa, rana, adadi, da zaɓen da aka ware wa kuɗin, P2024 ga fidda gwani ko G2024 ga babban zaɓe. Layi na 29 kuma nan ake zuba abin da aka ba ƴan takarar jihohi, gwamna ko ɗan majalisar jiha. Wanda ya haɗa 23 da 29 ya kumbura lissafinsa.

Inda lissafi ke lalacewa

Mu daɗe a nan, don nan ne aka fi faɗuwa. Na farko, rahoton gyara. Ma'aji yana iya sake aiko da rahoton wata guda sau biyu ko uku, kowanne cikakke. Na ƙarshe ne kawai ke aiki. Shafin fec.gov yana da bayanai iri biyu, ɗanye da tacacce. Ɗanyen yana fitowa nan take amma yana iya ɗauke da tsoho da sabo tare, tacaccen kuma yana jinkiri amma an fi tsabtace shi. Don labarin gaggawa yi amfani da ɗanye, ka duba da idonka. Don jimillar zango, tacacce.

Sai cek ɗin da aka soke. PAC ya rubuta 2,500 a watan Maris, cek ya ɓace ko ɗan takara ya ƙi karɓa, sai a watan Satumba ka ga layi mai alamar ragi, -2,500, wani lokaci kuma da sabon cek a bayansa. Idan ka tace ka bar adadin da suka haura sifili kawai, ka ƙirga kuɗi guda sau biyu. Haka layukan da aka yi wa alamar memo: bayani ne kan kuɗin da aka riga aka ƙirga a wani layi, ba a tara su.

Akwai kuma bambancin rana. Asusun yana rubuta ranar da ya saki cek, kwamitin ɗan takara yana rubuta ranar da ya karɓa. Tsakaninsu ana samun makonni, har cek ɗin Disamba ya faɗa Janairun wata shekara. Don haka kowane adadin da za ka buga, tabbatar da shi ta ɓangare biyu. Buɗe rahoton ɗan majalisar, Form 3, layi na 11(c), ka ga ko kuɗin ya iso. Idan yana gefe guda babu shi a ɗayan, ajiye shi har sai ka gano dalili. A kwanaki 20 na ƙarshe kafin zaɓe, ɗan takara yana bayyana duk gudummawar da ta kai 1,000 cikin awa 48, wannan ne hanya mafi sauri ta ganin kuɗin ƙarshen kamfen.

Zango ma yana ruɗa mutane. Shafin yana yanka komai shekara biyu-biyu, daidai da wa'adin ƴan Majalisar Wakilai 435. Sanata kuwa shekara shida yake yi, sai ka haɗa zango uku kafin ka ga abin da ya tara don zaɓe guda.

Matsala ta gaba tamu ce, mu da kwamfutocinmu ke magana da Faransanci. Ka sauko da fayil ɗin CSV, ka danna shi sau biyu, sai Excel ya jibge komai a shafi ɗaya, domin shi waƙafi mai ɗigo yake jira, fayil ɗin kuma da waƙafi zalla aka raba shi. Kada ka buɗe shi kai tsaye. Buɗe Excel ko LibreOffice tukuna, ka shigo da fayil ɗin ta hanyar shigo da rubutu, ka zaɓi waƙafi a matsayin mai rabawa, ka kuma gaya masa tsarin lambobi na Amurka ne. In ba haka ba 2500.00 zai zama rubutu, ba zai taru ba. Rana ita ce mafi haɗari, don ba ta nuna alamar kuskure: 03/04/2024 a wurinsu 4 ga Maris ne, a wurinmu 3 ga Afrilu. Labarin da aka gina kan cewa kuɗi ya zo kwana biyu kafin ƙuri'a yana rushewa da wannan kaɗai.

Idan kamfanoni da yawa kake bi, sauko da manyan fayiloli sau ɗaya ya fi arha da yawo a shafi da kuɗin intanet na waya, kuma ko wuta ta ɗauke aikinka na hannunka. Uku suka isa: cm na jerin asusu, cn na ƴan takara, pas2 na kuɗin da asusu suka ba ƴan takara. An raba su da sanda a tsaye, ba su da layin kai, sai ka ɗauko shi dabam a wannan shafin. A cm, harafin C a gurbin nau'in ƙungiya kamfani ne, L ƙungiyar ƙwadago, T ƙungiyar ƴan kasuwa. A pas2 riƙe lambar 24K, gudummawar kuɗi, da 24Z, gudummawar kaya ko hidima. Lambobin 24E da 24A kuɗin talla ne da wani ya kashe da kansa don goyon baya ko adawa, bai shiga hannun ɗan takara ba. An sha ƙirga 24A a matsayin tallafi, alhali kuɗin yaƙar mutumin ne. Fayil ɗin gudummawar ɗaiɗaikun mutane kuwa ƙato ne ƙwarai, bar shi sai da dalili.

Kuɗin da ba ya bi ta wannan ƙofa

Yawancin ƴan majalisa suna da asusu na biyu, PAC na jagoranci, mai ɗauke da wani suna da ba ya nuna na wane ne, harafin D ne alamarsa a cm. PAC na kamfani yana iya ba shi 5,000 duk shekara. Ke nan ɗan Majalisar Wakilai na iya samun 10,000 a kamfen da 10,000 a wancan asusun cikin shekara biyu, sanata kuma 10,000 da 30,000 cikin shida. Wanda bai nemo wannan ba ya ga rabin hoto ne.

Babban kuɗin ma ba a nan yake ba. Bayan hukuncin Kotun Ƙoli na Citizens United a Janairun 2010, da hukuncin SpeechNow a Maris na shekarar, kamfani na iya ɗibar kuɗi daga baitulmalinsa ba iyaka ya ba Super PAC, wato asusun da ba ya ba ɗan takara kuɗi, sai dai ya kashe da kansa don goyon baya ko adawa, muddin ba a haɗa baki da ɗan takara wajen kashewa. Kamfanin mai na Chevron ya ba wani Super PAC mai suna Congressional Leadership Fund miliyan 2.5 a 2012, wato ninki 250 na 10,000 ɗin da PAC ke iya ba ɗan takara guda. Irin wannan za ka same shi ta neman sunan kamfanin a jerin masu ba Super PAC ɗin, ba a rahoton PAC nasa ba. Abin da ya bi ta ƙungiyoyin ƴan kasuwa da ƙungiyoyin da ba na riba ba kuwa, doka ba ta tilasta musu bayyana masu ba su. Wasu jihohin, kamar Virginia, sun bar kamfanoni su ba ƴan takarar jiha kai tsaye, takardun kuma suna hukumar zaɓen jihar, ba FEC ba.

Shafin OpenSecrets, na wata ƙungiya mai zaman kanta da ke tattara waɗannan bayanai, yana rage wahala sosai, amma karanta ƙananan rubutun da ke ƙasan jadawali. Jimillar da yake sa wa a gaban sunan kamfani takan haɗa PAC da abin da ma'aikata suka bayar da kansu. Injiniya ya aika wa ɗan takarar da yake so 500 daga wayarsa, ya rubuta inda yake aiki kamar yadda doka ta ce, sai kuɗin ya bayyana ƙarƙashin sunan kamfanin. Daga nan mafi yawan labaran "kamfani kaza na goyon bayan wane" ke fitowa.

Tambayar da ake yawan yi a nan: baƙo na iya bayarwa? A'a. Wanda ba ɗan ƙasa ba kuma ba shi da katin zama na dindindin, haramun ne ya ba da ko sisi, haramun ne kuma ya tura wa ɗan'uwansa da ke can ya bayar a madadinsa. Reshen kamfanin waje da ke da rajista a Amurka, kamar na Toyota ko Airbus, yana iya buɗe PAC, da sharaɗin baƙi ba sa sa baki a rabon kuɗin kuma ba uwar kamfani ke ɗaukar nauyinsa ba.

Fassara abin da ka gani

Jera masu karɓa, ka sa jam'iyyar kowa, da kwamitin da yake zaune a majalisa, wanda za ka samu a congress.gov, da ko yana kan kujera ko nema yake. Abin da kusan kullum ke fitowa shi ne kuɗin na bin masu riƙe da kujera, daga jam'iyyun biyu, musamman shugabannin kwamitin da ya shafi sana'ar kamfanin. Masu ƙera makamai irin Lockheed Martin suna bin kwamitocin sojoji da na kasafi, bankuna na bin na harkokin kuɗi. Kamar gudummawar biki ce: ba ƙaunar amarya ke sa a kai ba, so ake a ga suna a littafi ranar da buƙata ta taso. Shi ya sa ya fi dacewa a karanta jerin a matsayin taswirar ƙofofin da kamfanin ke son su kasance a buɗe, ba shaidar sayen ƙuri'a ba. Sau da yawa ɗan majalisar ya riga ya kasance mai ra'ayin, ko masana'antar na mazaɓarsa, kuɗin ne ya biyo shi. Don ganin abin da kamfanin ke nema a zahiri, duba rahoton masu kamun ƙafarsa, LD-2, da ake kai wa majalisa duk wata uku, inda ake rubuta lambobin ƙudurorin da suka yi magana a kai.

Alkawarin kamfani ma da takarda ake gwada shi. Bayan 6 ga Janairun 2021, ranar da magoya bayan Donald Trump suka afka wa ginin majalisa, kamfanoni da dama, ciki har da Marriott, sun sanar da dakatar da ba ƴan majalisa 147 da suka ƙi amincewa da sakamakon zaɓe. Da yawa daga cikin masu sanarwar sun koma bayarwa daga baya. Wanda zai bincika irin wannan ya duba wuri uku: kamfen ɗin mutumin, asusunsa na jagoranci, da kwamitocin jam'iyya da ke kashe kuɗi a kansa.

Wajen rubutawa, ce "asusun PAC na ma'aikatan kamfani kaza ya ba", ka faɗi zango, ka faɗi ranar da ka ɗauko bayanin, ka kuma adana kwafin rahoton, don gyara na iya shigowa gobe. Aika wa ofishin yaɗa labaran kamfanin tambaya a rubuce, ka ba su kwana biyu ko uku, kana tuna cewa Yamai na gaban Washinton da awa biyar ko shida, gwargwadon lokacin shekara. Mai karanta labari a rediyo kuma ya riƙa cewa "dalar Amurka" a cike, domin mai sauraro a kasuwar Tawa idan ya ji dala 5,000 jika 25 zai lissafa. Juya masa zuwa sefa da canjin ranar: idan dalar Amurka tana kan sefa 600, 5,000 ta zama miliyan 3, cikakkiyar 10,000 kuma miliyan 6.